Tayar Ciki

Kafin ladanin Daim Bakur ya gyara murya
na riga na tsuguna a gindin gingimari,
tocila a haƙori, ma'auni a hannu,
buhun riɗi ɗari uku na barci bisa kaina.
Taya goma, ta sha ɗaya na rataye a ƙasa,
kowacce sai na gaishe ta kafin in bar Gadarif.

Kawu Ilu ya koya mini.
Ina ɗan shekara sha huɗu, yaron mota,
na kai wa taya shuri na ce lafiyarta lau.
Ya ajiye finjalin jabana, ya daɗe yana dubana.
"Ashe ƙafarka ta iya ƙidaya?
To ta faɗa mini, ɗari ne ko casa'in?"
Ƙafa ta yi shiru. Ni ma haka.

"Taya ba ta ƙarya da asuba," in ji shi.
"Rana in ta taka ta, sai ta cika ta batse
kamar wanda ya sayar da auduga jiya.
Ka auna, ka ga ta haura, ka sace mata iska,
dare ya riske ka a Haiya, sanyi ya sauko daga duwatsu,
ka tarar da ita a yamutse
kamar salkar da ayari ya shanye."

Ya nuna mini yawu a bakin bawul:
in ya yi kumfa, akwai magana.
Ya nuna mini murfin nan ɗan ƙil,
wanda bai kai ƙwallon kurna ba,
shi ke tsare ƙofa kada rairayi ya shiga.

Amma tayar ciki, ita ce na raina.
Kafin ka kai gare ta sai hannu ya kutsa,
sai baƙin mai ya ci hannun riga,
ga ta waje tsaye ƙyam, tana rufa mata asiri.
Na tsallake ta sau ɗaya. Sau biyu. Mako guda.
Can bayan Kasala, rana tsaka,
ta waje ta gaji da ɗaukar kayan mutum biyu.
Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena na hagu.
Muka karkata, buhu tara suka fashe,
awakin makiyaya suka yi walima a bakin kwalta.
Kawu bai zage ni ba.
Ya miƙo mini jak, ya koma inuwar mota
yana jan carbi, ina haƙa, har la'asar ta yi sakaliya.

Bara na kai shi asibiti.
Numfashinsa na fita da ɗan fito,
irin wanda ya koya mini in saurara.
Likita ta ɗaura masa ma'auni a dantse tana matsawa,
ya ce, "'Yata, yanzu na sauko daga rakasha.
Bari in huce tukuna, kada ki rubuta ƙarya."
Ta yi dariya. Ni na juya ina kallon taga.
Shekara nawa yana tsaye ƙyam a gabanmu,
ba wanda ya miƙa hannu ya taɓa ta ciki.

Ma'auninsa ne wannan,
gilashin ya tsage, an naɗe wuyansa da baƙar roba.
Ɗari da goma. Ɗari da goma. Ɗari da biyu,
wannan tana son ƙari.
Yarona Mudi na tsaye yana hamma,
ƙafarsa na ƙaiƙayin shuri, ina gani.
Na ce, naɗe hannun rigarka.
Akwai wata a can baya,
ba ta kuka, sai an tambaye ta.